Mahaɗan Banza da Martabar Shafinka a Google: Laccar da Aka Gabatar a Kankiya

 

An nemi in yi magana kan abin da ke hana masu shafukan intanet da yawa barci, wato mahaɗan da wasu shafuka ke ƙullowa zuwa shafin mutum, waɗanda ake cewa suna da guba kuma suna iya durƙusar da shi a sakamakon binciken Google. A zauren nan akwai mai shafin labarai, akwai mai ɗora littattafan Hausa, akwai wanda ya gina wa makarantar kuɗi ko shagon magani shafi ana biyansa yana kula da shi. Kowannenku ko dai ya riga ya sami saƙon da ke cewa an gano guba a shafinsa, ko kuma saƙon yana hanya. Zan faɗi matsayina tun yanzu, don ku auna sauran maganata da shi. Mahaɗin da ke cutar da shafi, a mafi yawan lokuta, shi ne wanda mai shafin ya saya da kuɗinsa ko ya sa aka ƙulla masa. Wanda wani baƙo ya jefo ba da saninka ba, kusan kullum Google watsi yake yi da shi. Kuɗin da matasanmu ke kashewa suna wanke shafi daga irin wannan tarkace, yawancinsa asara ne.

Me ya sa mahaɗi ke da daraja tun farko? A 1998 ne Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka kafa Google. Injunan binciken da suka riga su sun fi dogara ga kalmomin da ke cikin shafi, shi ya sa duk wanda ya cika shafinsa da kalma ɗaya sau ɗari yakan hau sama. Su kuwa sai suka ce a duba abin da wasu ke faɗa a kan shafin. Duk shafin da ya sa mahaɗi zuwa gare ka, kamar ya ba da shaida ne a kanka. Suka kira tsarin PageRank. Mu nan mun san wannan hikima. Idan saurayi ya zo neman aure, waliyyan yarinya ba sa tsayawa kan abin da ya faɗa game da kansa. Sukan tura a tambayi liman da mai unguwa da maƙwabta, kuma maganar dattijo ɗaya da aka sani da gaskiya ta fi ta 'yan zaman majalisa ashirin nauyi. Idan kuma ta bayyana cewa saurayin ya bi gida-gida ya raba kuɗi don a yabe shi, to ya rasa yarinyar, ya kuma zubar da mutuncinsa. Haka lamarin yake a Google: ana ƙirga masu shaida, ana auna nauyin kowannensu, ana kuma hukunta wanda ya sayi shaida.

Da mutane suka gane cewa mahaɗi kuɗi ne, sai kasuwa ta buɗe. Aka riƙa gina shafukan da ba su da wani aiki sai sayar da mahaɗai. Aka ƙera manhajojin da ke bin shafukan mutane suna zuba sharhin banza, kowane da mahaɗi a ƙarƙashinsa. Abin ya yi yawa har a Janairun 2005 Google da Yahoo da Microsoft suka amince da wata alama mai suna nofollow, wadda mai shafi ke liƙa wa mahaɗi don ya ce: wannan yana shafina, amma ban ba da shaida a kansa ba.

Kada ku ɗauka ƙananan mutane ne kaɗai ke wannan. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda J.C. Penney, babban kantin kayan sawa da na gida a Amurka, ya yi watanni yana zaune a lamba ta 1 a binciken riguna da zannuwan gado da dardumai da tarin wasu kayayyaki. Da aka bi sawu, sai aka tarar da dubban mahaɗai daga shafukan da ba su da wata alaƙa da tufafi, duk suna nuni zuwa kantin. Kantin ya ce bai san da maganar ba, ya kori kamfanin da ya ɗauka don inganta matsayinsa. Wannan bai hana hukunci ba. A binciken kujerun falo ya faɗo daga lamba ta 1 zuwa ta 68, kuma ya yi kimanin wata 3 a wannan hali. Ina so masu gina wa wasu shafi su riƙe wannan: mai shafi ne ke shan hukuncin abin da yaronsa ya aikata. Ina so kuma masu ba da aikin su riƙe ɗaya gefen: idan ka ɗauki wani ya ɗaga maka shafi, ka tambaye shi daga ina zai samo mahaɗan, ka kuma sa ya rubuta maka jerinsu.

A Janairun 2012 Google ya hukunta shafin Chrome, manhajarsa ta kansa, na aƙalla kwana 60, saboda wani kamfen ɗin talla da aka biya masu rubutu a kansa ya karya ƙa'idar sayen mahaɗi. A Fabrairun 2013 Interflora, kamfanin sayar da furanni a Birtaniya, ya ɓace daga bincike har da binciken sunansa, bayan ya cika jaridu da tallan da aka yi wa kamannin labari. Ya dawo cikin ƙasa da mako 2, amma sai da aka bi ana cire mahaɗan. Ko BBC da muke saurare safe da yamma ta taɓa samun saƙon gargaɗi a Maris 2013, daga baya aka bayyana cewa shafi guda ne cikin shafukanta abin ya shafa.

Babban sauyin ya zo ne ranar 24 ga Afrilun 2012, lokacin da Google ya saki tsarin da ya kira Penguin. Kafin nan galibi ma'aikata ne ke kama mai laifi ɗaya bayan ɗaya. Penguin kuwa inji ne, yana duba mahaɗan shafi, idan ya ga alamar an saye su sai ya danne shafin gaba ɗaya. Kamfanin ya ce abin ya taɓa kusan kashi 3 cikin 100 na binciken da ake yi da Turanci. Sana'o'i da dama sun durƙushe a dare ɗaya. Daga nan kuma wata sabuwar mugunta ta samu ƙofa: idan mahaɗan banza na danne shafi, ai sai in saya wa abokin gasata dubu goma in jefa masa. Kukan mutane ya yi yawa, shi ne a ranar 16 ga Oktoban 2012 Matt Cutts, wanda a lokacin ke shugabantar sashen yaƙi da maguɗi a Google, ya sanar da kayan aikin da suka sa wa suna Disavow. Aikinsa barranta ne: ka miƙa jerin shafuka ka ce ba ni ba su, kada a lissafa shaidarsu a kaina.

Tsoron da ake sayar muku yau na waccan shekarar ne. Amma ranar 23 ga Satumban 2016 Google ya sauya Penguin. Maimakon ya danne shafin da aka jefa wa tarkace, yanzu tarkacen yake rage wa daraja, ya ɗauke shi kamar babu. A Disamban 2022 ya ƙara da tsarin SpamBrain mai amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gano masu saye da masu sayarwa da soke amfanin mahaɗansu. Bing, injin binciken Microsoft, ya janye nasa kayan barrantar gaba ɗaya a Oktoban 2023, bisa hujjar cewa injinsa na iya tantancewa da kansa. Shafin bayanin Google kan Disavow ya faɗa ƙarara cewa yawancin shafuka ba sa buƙatarsa, kuma wanda ya yi amfani da shi ba daidai ba zai iya cutar da kansa. John Mueller, jami'in kamfanin da ke amsa tambayoyin masu shafuka, ya sha nanata cewa su ba su da wani ma'auni mai suna guba. Makin guba da kuke gani na manhajojin 'yan kasuwa ne. Semrush na da nasa, Moz na da nasa, kuma waccan lambar ta Domain Authority da dillalai ke yi muku ciniki da ita ta Moz ce, Google ba ya amfani da ita. Manhajojin nan suna da amfani wajen ganin wanda ke nuni zuwa gare ka. Hukuncinsu dai hasashe ne.

Ina tsayawa a nan saboda abin yana ci mini rai. Yaro ya tara kuɗin data da na rajistar suna da na masaukin shafi da guminsa, wataƙila daga shagon cajin waya ko na POS. Sai saƙo ya shigo masa da jan rubutu: an gano ɗaruruwan mahaɗai masu guba, Google na gab da rufe shafinka, turo kaza a wanke maka. Wani ma barazana ce tsagwaronta: biya mu ko mu jefa maka mahaɗan batsa. Kada ku biya, kada ma ku amsa. Ku adana saƙon, domin karɓar kuɗi ta hanyar barazana laifi ne, kuma Najeriya na da dokar laifukan intanet tun 2015.

To idan masu ziyara sun ragu fa? Kafin ka zargi mahaɗi, ka duba abubuwan da suka fi shi kusa. Google na sabunta tsarinsa sau da dama a shekara, kuma shafin da ke kwafo labari daga Aminiya ko BBC Hausa ya liƙa ba tare da ƙara komai ba shi ne farkon faɗuwa. Wani masaukin shafinsa ne ke yawan mutuwa. Wani a WordPress ya bar alamar da ke hana injunan bincike shiga shafin bai sani ba. Wani kuma dalilin ba ya cikin kwamfuta sam. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Malumfashi da Funtuwa, da kuma jihar Zamfara baki ɗaya. Duk mai shafin da masu karatunsa ke can ya ga raguwa, kuma babu fayil ɗin barrantar da zai dawo masa da su. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, wanda dole ya taɓa yadda talaka ke buɗe shafuka. Ga kuma taƙaitacciyar amsar da Google ya fara sakawa a saman bincike tun 2024, wadda ke sa wasu su karanta su wuce ba su shiga shafin kowa ba.

Wurin da za ka sami gaskiyar magana kyauta ne, sunansa Google Search Console. Duk mai shafin da bai yi rajista a can ba, wannan ne aikinsa na daren yau. A ciki akwai sashen da aka rubuta wa Manual actions. Idan ma'aikacin Google ya hukunta shafinka saboda mahaɗai, a nan za a rubuta maka. Idan ka buɗe ka ga babu komai, kuma ka san tsakaninka da Allah ba ka taɓa sayen mahaɗi ba, ka rufe ka koma kan rubutunka. Ko da sashen Links ya nuna maka shafukan Rashanci da Sinanci da na caca da ba ka taɓa ji ba, kada ka damu, babu shafin da ya daɗe a intanet da ba ya da irinsu.

Waɗanda ke da aiki a gabansu mutum biyu ne: wanda aka rubuta wa hukunci, da wanda ya san ya saya. A ce ka taɓa biyan wani ya ba ka mahaɗi dubu a kwana uku, ko ka shiga zauren WhatsApp na sa mini in sa maka, ko ka biya aka buga maka rubutu a shafuka ashirin duk da kalma iri ɗaya tana nuni gare ka. Ka sauke jerin mahaɗanka daga Search Console, ka zauna ka bi su da idonka, shafi bayan shafi. Tambayar da za ka yi wa kowanne guda ce: da babu Google a duniya, mai wannan shafi zai sa mahaɗina? Idan malami ne ya ambaci rubutunka, ko jarida, ko wani ƙaramin shafi da ba kowa ya san shi ba amma mutum ne ke rubuta shi, ka bar shi, komai munin makin da manhaja ta ba shi. Idan shafi ne da ke magana kan inshorar mota yau, gobe maganin ƙarfin maza, jibi shafinka, ka ware shi.

Waɗanda ka ware, ka fara da neman a cire su. Ka rubuta wa mai shafin cikin ladabi, ka ajiye shaidar ka rubuta. Wanda ya ce sai ka biya kafin ya cire, ka rabu da shi, ka sa shi a jerin barranta. Fayil ɗin kansa ba shi da wuya: rubutu ne zalla mai ƙarewa da .txt, kowane layi adireshi ɗaya. Idan shafin gaba ɗaya kake gudu, sai ka rubuta domain: ka biyo shi da sunan shafin, wanda ya fi bin adireshi ɗaya-ɗaya sauƙi. Layin da ya fara da alamar # bayani ne don kanka. Iyakar fayil ɗin layi 100,000 ne. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na farko, sabon fayil yana goge tsohon ne, ba ƙari yake yi a kansa ba, don haka ka sauke tsohon ka ƙara a ciki. Na biyu, mahaɗan da ka barranta da su za su ci gaba da bayyana a rahotonka, wannan ba alamar aikin bai yi ba ne. Sakamakon yakan ɗauki makonni. Idan hukunci ne a kanka, bayan ka gama sai ka aika buƙatar a sake dubawa, ka faɗi abin da ka yi ba ɓoye-ɓoye, da wanda ka biya, da abin da ka cire. Mutum ne zai karanta, kuma ya ga irin wannan takarda ba adadi.

Ka kuma shirya wa wata gaskiya mai ɗaci. Bayan an ɗage hukuncin, ba lallai ka koma inda kake a da ba, domin mahaɗan sayen ne suka ɗaga ka can, kuma yanzu babu su. Wanda kuma ya kwashi duk abin da manhaja ta yi wa jan fenti ya zuba a fayil bai duba ba, garin neman gira zai rasa ido, don zai yanke har da shaidar kirkin da ke riƙe da shi.

Akwai gefen da ba a cika magana a kansa ba, kuma a ganina ya fi shafarmu. Shi ne mahaɗan da ke fita daga shafinka zuwa na wasu. Da zarar shafi ya fara samun jama'a, za a fara rubuto maka da tayin daloli don ka saka rubutu ɗaya mai ɗauke da mahaɗi, yawanci na caca ko bashin ruwa ko magungunan da ba su da rajista. Google na hukunta mai sayarwa kamar yadda yake hukunta mai saye. Talla ba laifi ba ce, amma tun Satumban 2019 akwai alamar sponsored da ake liƙa wa mahaɗin da aka biya, da alamar ugc ta abin da masu ziyara suka rubuta. Idan mai tallar ya ce bai yarda a liƙa alamar ba, ka san ba talla yake so ba, shaidarka yake son saye. Wannan ba sai Google ya gaya mana ba. Mun tashi mun san hukuncin algus da shaidar zur, mun kuma san hukuncin nuna wa ɗan wani hanyar gidan caca.

Wani lokaci ma ba ka karɓi ko sisi ba, kutse aka yi maka. Masu caca na fasa shafukan makarantu da ma'aikatu a ƙasashe da dama su cusa ɗaruruwan shafukan ɓoye, saboda sun san adireshin hukuma da na jami'a na da kwarjini. Hanyar da suka fi samu a wajenmu ita ce jigogi da ƙananan manhajojin WordPress na sata da muke saukewa don gudun biyan kuɗi, waɗanda sau da yawa an riga an dasa musu ƙofar baya. Ga gwajin minti ɗaya: ka rubuta site: a Google ka biyo shi da sunan shafinka. Idan ka ga shafuka da harshen da ba ka rubuta ba, an shigo maka. Barranta ba ta maganin wannan. Sai an share shafin, an sauya kalmomin sirri, an sabunta komai. Masu kula da shafukan makarantu da asibitoci da ƙananan hukumomi, amana ce a hannunku, ku riƙa yin wannan gwaji kowane wata.

Daga ina mahaɗin kirki zai zo? A nan masu rubutu da Hausa na da sa'ar da mai Turanci ba shi da ita. Shi yana gasa da duniya ne, kai kuwa a batutuwa da yawa filin kusan babu kowa. Kankiya gari ne da ke da makarantar koyon fasahar kiwon lafiya. Ɗalibin da ya zauna da malaminsa suka rubuta ingantaccen bayani da Hausa kan tsaftace ruwan rijiya, ko alamomin tamowa ga yara, ko jadawalin rigakafi, ya yi abin da gidan rediyo da ƙungiyoyin lafiya za su so su nuna wa jama'a. Wanda ya ɗauki nauyin rubuta farashin gero da dawa da wake a kasuwar Charanci kowane mako, da kwanan wata, na tsawon shekara biyu, ya mallaki abin da ɗan jarida da mai bincike ba za su samu a wani wuri ba, kuma dole su ambace shi. Tarihin garuruwanmu da ke bakin tsofaffi a Kusada da Yashe da Tafashiya har yanzu yawancinsa ba a rubuce yake ba. Mahaɗi biyar da irin wannan aiki ya jawo sun fi dubu biyar na dillali, kuma babu sabuntawar da za ta sa ka kwana da fargaba a kansu.

Roƙona gare ku shi ne, kafin wani ya sake biyan kuɗin wanke shafi ko na sayen mahaɗi, ya buɗe Search Console ya duba ko an rubuta masa hukunci. Wanda ya tarar da hukunci ko ya san ya saya, ya same ni bayan an tashi mu duba jerin tare. Malaman da ke nan kuma, ina roƙon ku buɗe wa ɗaliban nan ƙofa su riƙa kawo muku rubutunsu kuna gyarawa kafin su wallafa.